Tsakanin Harafi da Sauti: Da Me Ake Gane Rubutacciyar Kalma?

Masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke karatu sun daɗe suna muhawara a kan ko ido ne kaɗai ke kai mai karatu ga ma'anar kalma, ko kuwa sai ya maido da sautinta a zuci tukuna. Sukan gwada wannan da rubutun Hangul na Koriya, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443 aka bayyana shi ga jama'a a 1446, domin an zana baƙaƙensa ne bisa siffar harshe da leɓe da maƙogwaro yayin furuci, ana kuma harhaɗa su gaɓa-gaɓa. Ga Musulmi kuwa wannan tambaya ta shafi ibada kai tsaye, kuma makarantun allo na Wurno da Rabah da Goronyo sun daɗe da amsa ta a aikace.

A makarantar allo kunne ne ke riga ido, domin yaro yana haddace Fatiha da gajerun surori daga bakin malam tun bai san alif ba. Daga nan sai ya shiga babbaƙu, wato sanin baƙaƙe ba tare da wasali ba, sannan farfaru, inda ake ɗora musu wasulla, kafin ya kai ga haɗa su su tashi kalma. A rubutun Magaribi da ake karanta ruwayar Warshu da shi, ɗigon fa yana ƙasa, na ƙaf kuwa guda ɗaya ne a sama, saboda haka yaron da ya san allonsa da ido kawai zai iya rikicewa idan ya buɗe bugun Hafsu, amma wanda ya riƙe sautin ayar ba zai ɓata ba.

Tarihin Mus'hafi kansa ya nuna cewa rubutu ya zo ne don tsare abin da aka riga aka ji. Mus'hafan da aka kwafa a zamanin Halifa Usmanu ba su da ɗigo ba su da wasali, ta yadda siffa ɗaya za ta iya zama ba ko ta ko nun, kuma haddar da ke ƙirjin mai karatu ce ke raba gardama. Daga baya ne aka sanya ɗigon wasulla, aikin da ake jingina wa Abul Aswad Addu'ali, sannan Halilu ɗan Ahmad ya kawo alamomin fataha da kasra da lamma, shi ne kuma ya jera ƙamusunsa, Kitabul Aini, bisa mafitar haruffa, daga maƙogwaro zuwa leɓe, ƙarni kusan bakwai kafin Sejong. A kan wannan tushe malaman tajwidi irin su Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 1429, suka kafa sharaɗin karɓar karatu baki da baki, malaman Malikiyya kuma suka ce mafi ƙarancin karatun asirce a salla shi ne motsa harshe, domin bin aya da zuciya kawai ba ya zama karatu.

Hausa ma tana tabbatar da haka, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, har garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi suka zo da siffa ɗaya, sai mai karatu ya cike giɓin da abin da kunnensa ya sani. Watakila wannan na cikin hikimar da ta sa Nana Asma'u, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda aka binne a Wurno a 1837, ta zuba iliminta cikin waƙoƙin ajami, malamai mata da ake kira jaji suka haddace suna rera wa matan ƙauyuka.

Gaskiya ne ƙwararren mai karatu yana gane kalmomin da ya saba da su da ƙiftawar ido, amma wannan saurin ya samu ne bayan dogon maimaici da murya. Saboda haka yawaitar bugaggun Alƙur'anai da manhajojin waya ba ta ɗauke wa ɗalibi buƙatar zama gaban malamin da zai saurare shi ya gyara masa furuci ba.