Karen da ya ga zomo, wa zai kira shi ya dawo?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, masu karatun wannan jarida, yau ga wata tambaya da za mu duba tare. Shin horo yana canza hali, ko kuwa hali zanen dutse ne? Don mu gane amsar, bari mu ɗauki misalin karen farauta.

A arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden, akwai ƙasar da ake kira Azawak. Buzayen can suna da wani irin kare siriri, mai dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki. Da harshensu suna ce masa oska. A shekarun 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu, suka sa masa sunan ƙasar, wato Azawak. Wannan kare da ido yake farauta. Yana hango zomo ko barewa daga nesa, sai ya zabura. Gudunsa yana kaiwa wajen kilomita 60 a awa guda. Ba wanda ya koya masa wannan. Haka Allah ya halicce shi.

To, abin da ya sa ake son shi, shi ne kuma abin da ke jawo wahala. In ya shiga gudu, kunnensa kamar an toshe. Ka yi kira, ka yi fito, ba ya waiwaye. Wata rana ɗan akuyar maƙwabci zai bi, a kai ka gaban mai gari ka biya. Wata rana zai tsallaka titi, mota ta buge shi. Wata rana zai yi nisa cikin rana, ƙishirwa ta kashe shi. In kana kusa da dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, ya kama barewa, ma'aikatan gandun daji da kai za su yi magana, ba da karen ba. A 1998 ma an yi dokar da ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da duba wannan magana. A Suratul Ma'ida, aya ta 4, an halatta abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita. Malaman Malikiyya suka bayyana ma'anar horo da abu biyu: in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Ka lura da kyau. Tafiya kaɗai ba ta isa ba, don kowane kare yana iya bin zomo. Tsayawar ce shaidar horo. Kuma in kare ya tafi don kansa, ba kai ka aike shi da bisimilla ba, ya kashe dabbar, naman bai halatta ba.

Yaya ake koya masa dawowa? Ga hanyar.

Na farko, a fara tun yana kwikwiyo, ɗan wata 2 ko 3. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka zaɓi kira guda ɗaya, kada ka canza shi. Duk lokacin da ya zo, ka ba shi abin da yake so: ɗan tuwo, ko nono, ko guntun nama.

Na biyu, a bi sannu. A fara cikin gida. Sa'an nan a ƙofar gida. Sa'an nan a fili, da doguwar igiya a wuyansa. Daga baya a kai shi kusa da kaji da awaki, igiyar tana hannunka. In ya kasa a wani mataki, a koma na baya.

Na uku, kada ka doke shi in ya dawo, ko da ya daɗe, ko da ranka ya ɓaci. Kare yana haɗa dukan da abin da ya yi na ƙarshe, wato zuwa wurinka. Gobe in ka kira shi, zai tsaya nesa.

Na huɗu, in ya zo ka shafa shi, ka sake shi ya koma wasa. In kullum kira ɗauri ne ke biyo bayansa, zai gane cewa kiranka ƙarshen jin daɗi ne.

Na biyar, ka san lokacin kira. Kafin ya zabura akwai alama: yana ɗaga kai, jikinsa ya sandare, idonsa ya tsaya wuri guda. Nan ne kiranka yake da ƙarfi. In ya riga ya shiga gudu, kada ka yi ta maimaita kiran. Kira goma ba amsa yana koya masa cewa maganarka iska ce.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Horo bai cire son gudu daga zuciyar karen ba. In da ya cire, da ba ka da karen farauta kuma. Abin da horo ya yi shi ne ya sa ɗan tsaiko tsakanin gani da zabura, har kiran mai shi ya samu shiga. Kuma ko karen da ya fi kowane horuwa, wata rana jininsa yana rinjayarsa. Shi ya sa mai hankali yake riƙe igiya kusa da titi da garken mutane. Sanin iyakar horo yana cikin horo.

Wani zai ce: ai sanda ta fi sauri. Gaskiya ne, tsoro yana sa kare ya kwanta a gabanka. Amma tsoro tsawon sanda gare shi. Kare mai gudun kilomita 60 ya san ba ka iya kamo shi. In ya dawo daga nesa, yarda ce ta dawo da shi.

Mai karatu, ka dubi gidanka. Yaron da ake duka duk ranar da ya zo ya faɗi laifinsa, ɓoyewa zai koya. In ya girma ya tafi bariki, Yamai ko Damagaram, sandar ba ta kaiwa can. Abin da zai sa ya amsa kiran gida shi ne abin da ya saba tararwa in ya dawo.

Ka kuma dubi zuciyarka. Fushi da kwaɗayi su ma da ido suke farauta. Dabbar wani ta shiga gonarka, ka ji ƙirjinka ya yi zafi, hannunka ya nemi sanda. Wannan ita ce alamar. Nan ne ya kamata ka kira kanka, ka zauna, ka nufi wurin mai gari. In ka bari har ka zabura, ko kiran mahaifinka ba za ka ji ba.

Ku tattauna wannan magana a wurin karatunku na dare. Masu karnukan farauta kuma, ku rubuto mana yadda kuke horar da naku, don wasu su ƙaru.