Kalibu Bai Ce Ya Tsufa Ba

Karatun yau: Joshuwa 14:6-13, Luka 14:28-30

Kalibu yana da shekara 40 sa'ad da Musa ya aike shi leƙen ƙasar Kan'ana. Ya dawo da labari mai kyau, amma rashin bangaskiyar jama'a ya sa shi yawo a jeji tare da su. Ba laifinsa ba ne, duk da haka shekara 45 suka shuɗe. Yana da 85 ya tsaya gaban Joshuwa ya nemi rabonsa, kuma bai zaɓi wuri mai sauƙi ba. Ƙasar tuddai ya roƙa, inda Anakawa suke da birane masu garu. Aka ba shi Hebron.

A ikilisiyoyinmu na Wurno da Rabah da Goronyo akwai 'yan'uwa irin Kalibu. Tun suna yara Allah ya sa musu marmarin zama likita. Wani mahaifinsa ya rasu, ya bar makaranta domin ƙannensa su ci abinci. Wata aure da renon yara suka tsayar da ita. Wani yana aikin jinya ko ba da magani shekara goma sha, kullum yana ganin mai naƙuda da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya galabaita ana ɗora su a mota zuwa Sakkwato, domin likitoci sun yi kaɗan a karkara. Zuciyarsa tana ƙuna, amma Shaiɗan yana raɗa masa cewa lokacinsa ya wuce. Ƙarya ce! Mai kira bai janye kiransa don ka fara furfura ba.

Ku tuna da Likita Andrew Stirrett na mishan ɗin SIM. Mai shagon magani ne a Toronto ta ƙasar Kanada. Ya haura shekara 35 lokacin da ya bar kasuwancinsa ya zo Najeriya a 1902. Ya yi wa'azi da Hausa, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya kuma rasu a ƙasar nan a 1948. Da ya ce ya makara, da mun yi babbar asara. Haka Albert Schweitzer, malamin tauhidi, ya shiga karatun likita yana da shekara 30, ya isa Lambarene ta ƙasar Gabon a 1913 ya buɗe asibiti.

Amma ɗan'uwana, Yesu da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi, kada ya kafa tushe ya kasa gamawa, ya zama abin ba'a. Bangaskiya ba ta tsoron lissafi. Karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kamar sauran jami'o'in ƙasar nan, shekara 6 ne, sannan shekara guda ta koyon aiki a asibiti. Ana bukatar kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks a WAEC ko NECO, da maki mai yawa a jarrabawar JAMB. Mai digiri a fannin kimiyya yana iya neman shiga kai tsaye aji na biyu. Wanda ya fara yana da 38 zai gama yana kusan 45. Wa zai riƙe gida a waɗannan shekaru? Wa zai biya kuɗin makarantar yara? Ka zauna da matarka, ki zauna da mijinki, ku yi azumi tare, ku nemi shawarar fasto da ta likita mai tsoron Allah. Ka kuma bincika zuciyarka: marasa lafiya kake tausayi, ko so kake a kira ka Dakta?

In amsar ta fito daga wurin Ubangiji, tashi. Sake rubuta jarrabawa tare da sa'o'in ɗanka ba abin kunya ba ne. Dubi manoman fadamar Rima: damina ta wuce, amma da ruwan da aka tara a madatsar Goronyo suke dasa albasa da tafarnuwa da shinkafa, su girbe da rani. Shekarun da ka yi kana wanke gyambo, kana lallashin masu makoki, ruwa ne da Allah ya tara maka. Yaro ɗan shekara 18 ba shi da wannan.

Ikilisiya kuma, kada mu yi wa irin wannan ɗan'uwa dariya. Malaman kimiyya da ke cikinmu su koya masa da yamma. Zumuntar mata su riƙa leƙa gidansa. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, kuma har yau bishara tana bukatar irinsa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni zuciyar Kalibu da hikimar mai lissafi. In kai ne ka kira ni, ka buɗe ƙofa, ka tanada wa iyalina. In ba kai ba ne, ka ba ni salama a inda ka ajiye ni. Ka tayar da likitoci domin ƙauyukanmu. Cikin sunan Yesu, Amin.