Mai Neman Riba Ya Shirya wa Hasara

Bayan kaka, idan ɗan kasuwar hatsi na Lakwaya ko Kabo ya kai dawa da masara kasuwar Dawanau ya sayar, kuɗi sukan zauna a hannunsa wata da watanni, ga darajar naira tana zaizayewa. Shin ya halatta ya buɗe asusun zuba jari a banki domin dukiyar kasuwancinsa ta haihu?

Amsar tana ga sharaɗin da aka ƙulla. Idan banki ya lamunce masa uwar kuɗinsa, kuma ya yanka masa ƙari tabbatacce, ko an samu ko an faɗi, to rance ne ya bayar wanda ya jawo masa amfani. Wannan shi ne kuɗin ruwa, wanda aya ta 275 a Suratul Baƙara ta bambanta shi da ciniki, ta haramta shi.

Amma shari'a ba ta toshe ƙofa ba. Akwai kiradi, wanda wasu malamai ke kira mudaraba, kuma Imamu Malik ya keɓe masa babi a Muwaɗɗa. Mutum ɗaya ya kawo dukiya, wani ya juya ta, su raba riba bisa kason da suka amince tun farko, kamar rabi da rabi. Ba a yanka adadin naira, domin ba wanda ya san abin da gobe za ta haifar. In hasara ta auku ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ne zai ɗauka, mai juyawa kuwa wahalarsa ta tafi a banza. In kuwa ya yi sakaci, sai ya biya.

A kan wannan tushe bankunan da ba su mu'amala da ruwa suke gina asusun zuba jari. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, sannan TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021.

A nan ne zuciya ke shiga jarrabawa. Da yawa suna son sunan halal, amma da an ce musu riba tana iya raguwa, ko uwar kuɗi ta taɓu, sai su ja da baya. Wanda yake haka, kuɗin ruwa yake nema a cikin rigar kiradi. Wannan kwaɗayi na samu ba tare da kasada ba shi ya jefa jama'a masu yawa hannun MMM, wadda ta yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata, ta kulle da dukiyarsu a ƙarshen 2016. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya sa hannu, wajibi ne ya san abu uku: wace sana'a za a yi da kuɗinsa, nawa ne kasonsa, kuma wa zai ɗauki hasara. Idan ba ya karanta takardar, ya nemi amintacce ya karanta masa, ya kuma tuntuɓi malami masanin fiƙihun ciniki. Kada ya zuba abin da iyalinsa za su ci, ko kuɗin iri da takin damina.

Allah Ya azurta Musulmi da halal, Ya sa masa albarka, amin.