Cinikin Lifidin Da Hannu Ba Ya Taɓawa

Idan manomin Gurbin Bore ya kai buhun gero kasuwar Shinkafi ran Alhamis ya sayar, to, ya rabu da shi ke nan. Wanda ya saya, in ya so ya ci, in ya so ya sayar, in ya rasu magada su raba. Cinikin da muka gada ke nan.

Yanzu kuwa wani irin ciniki ya shigo mana ta wayar hannu. Samari suna yin wasanni a cikinta, kamar Free Fire. Shiga wasan kyauta ce, amma in yaro yana son a yi wa ɗan mutumin da yake wasa da shi ado da riga ko makami, sai ya biya, a sauko masa da su ta intanet. Wannan sana'a ta yi suna tun wannan ƙarni bai yi nisa ba, watau a 2006, sa'ad da kamfanin Bethesda na Amurka ya sa wa lifidin doki na cikin wasan Oblivion kuɗi dala 2.50. Jama'a suka yi ta ba'a, amma duk da haka aka saya.

To, ya kai mai karatu, wannan kuɗi halal ne? Wani zai ce zalunci ne, gama ko mutum dubu sun saya, lifidin yana nan wurin mai shi, bai ragu ba. Amma a tuna, masu zane sun ɓata lokaci suna aikinsa. Malamin da ya koya wa ɗalibai ɗari karatu, iliminsa bai ragu ba, kuma ba wanda ya ce kada a biya shi. Saboda haka ladan aiki ba laifi ba ne.

Laifin yana wajen ɓoye wa mai saye gaskiya. Na farko, abin nan ya fi kama da haya bisa ga saye, domin ran da kamfani ya rufe wasan, rigar ta tafi. Na biyu, akwai akwatin sa'a, wanda za ka biya ba ka san abin da ke ciki ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, wanda malaman fiƙihu suke kira garari, suka hana. Ƙasar Beljiyam ma ta lissafa shi cikin caca a 2018. A 2022 kuma kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya yarda zai biya dala miliyan 245 a mayar wa mutanen da hukumar Amurka ta ce an ruɗe su sun sayi abin da ba su yi niyya ba.

Saboda haka, kafin ɗanka ya biya, zaunar da shi ku lissafa kuɗin da mudun gero. In ya ga abin da idonsa, ya san haya ce, kuma tuwon gida bai ragu ba, ciniki ya yi. In a rufe yake, ya riƙe kuɗinsa. Allah ya sa mu gane.