Ƙarar Da Ba Ta Barin Kunne

Karatu: 1 Sarakuna 19:9-13, 2 Korintiyawa 12:7-10

Akwai ciwon da ba ya kumburi, ba ya jini, ba kuma mai ganinsa. Mai shi kaɗai ke jin ƙara cikin kunnensa, wani kamar kukan gyare, wani kamar ƙugin injin daga nesa. Da rana hayaniyar gari takan rufe ta, amma da dare, sa'ad da kowa ya yi barci, sai ta cika kai. Likitoci suna kiranta tinitas. Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 740 a duniya suna fama da ita. In kana cikinsu, ba kai kaɗai ba ne.

Sau da yawa asalinta lalacewar wasu ƙananan ƙwayoyi ne can cikin kunne. In suka daina aika sauti yadda ya kamata, sai ƙwaƙwalwa ta ƙirƙiro nata. Ƙarar injin niƙa, janareta, lasifika, har da ta majami'unmu, tana iya jawo ta. Haka ma tsufa, dauɗar kunne, da magunguna irin su kwinin. Ka je asibiti a duba ka, musamman in kunne ɗaya ne, ko ƙarar tana bin bugun zuciya, ko jinka ya ragu farat ɗaya. Wani akan gano dalilin a magance. Da yawa kuwa ƙarar takan zauna.

A nan tambaya mai nauyi take. In na yi addu'a, na yi azumi, ƙarar ba ta tafi ba, bangaskiyata ce ta kasa? Wahalar da ba ta da ranar ƙarewa tana da wata ma'ana kuwa?

Dubi manzo Bulus. Yana da wata ƙaya a jiki, wadda bai faɗa mana ko mece ce ba. Sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire ta, ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Allah zai riƙe shi, ikon Allah kuma cikin rashin ƙarfi yake bayyana sosai. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Saboda haka kada ka yarda wani ya ɗora maka laifi a kan ciwonka.

Martin Luta na Jamus ma ya sha wannan. Daga 1527 ya riƙa fama da ƙugi a kunne da jiri, har wani lokaci aiki ya gagare shi. Duk da haka a 1534 shi da abokan aikinsa suka fitar da dukan Littafi Mai Tsarki cikin Jamusanci.

Wataƙila ka ce, "Annabi Iliya a Dutsen Horeb bai sami Ubangiji cikin iska ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai cikin 'yar murya a hankali. Ni da ba ni da shiru, yaya zan ji shi?" Ɗan'uwa, shiru dabam, salama dabam. Akwai mai lafiyayyen kunne da zuciyarsa ke cike da hayaniyar fushi da kishi. Allah da zuciya yake magana, ƙarar kunne ba ta kai can ba.

Likitoci sun lura cewa tsoro da damuwa suna ƙara wa ƙarar ƙarfi. In mutum ya daina ɗaukarta abokiyar gaba, a hankali ƙwaƙwalwa takan koyi ture ta gefe, kamar yadda mai gida a bakin titi yake daina jin motoci. Don haka ka bar rediyo a hankali da dare, ka toshe kunne kusa da injin, ka ci gaba da aikinka da zumunta da 'yan'uwa.

Ciwon kansa ba abin kirki ba ne, ba laifi kuma ka ci gaba da roƙon warkarwa. Ma'anar tana cikin abin da Allah yake ginawa a cikinka ta wurinsa: haƙuri, tawali'u, da tausayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da ka san ciwon ɓoye, kai ne za ka iya zama kusa da gwauruwa ko mai baƙin ciki ka gaskata kukansu. In ƙarar ta tashe ka da tsakar dare, ka mai da lokacin na yin addu'a domin wani mai shan wahala.

Addu'a: Ya Uba, ka san abin da nake ji wanda ba mai ji. In nufinka ne, ka warkar da ni. In kuwa zan jira, ka ba ni salamarka, ka sa in zama ta'aziyya ga waɗansu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.