Hutunmu a Ƙofar Gidan Wasu

Mu uku muka baro Kwatano da sassafe, kowa da jakar goyonsa, bayan mun shafe mako guda muna fama da wani aikin manhaja da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Abin da muke nema bai wuce inda za mu rufe kwamfuta mu sha iska ba. Aka ce mana mu je Ganbiye, garin da aka gina a kan tafkin Nokuwe, a kudancin Jamhuriyar Benin. A Abome-Kalabi muka biya kuɗi muka shiga kwalekwale mai inji, tare da wasu Turawa biyu da su ma yawon buɗe ido ya kawo su.

Gaskiya mun huta. Ruwa ya kwanta luf, iska na kaɗawa, gidajen katako na tsaye a kan dogayen turaku kamar zalɓe. Mata na cin kasuwa daga kwalekwale zuwa kwalekwale, wannan da tumatir, waccan da itacen girki. Yaron da bai wuce shekara bakwai ba yana tuƙa nasa shi kaɗai. Ɗaya daga cikin Turawan ta lumshe ido ta ce ba ta taɓa ganin wuri mai kwanciyar hankali irin wannan ba, mu ma muka gyaɗa kai.

Sai wata mata ta zo giftawa da jarkoki cike da kwalekwalenta. Ɗayanmu ya ɗaga waya. Kafin ya danna, ta ja faffaɗar malafarta ta rufe fuska, ta faɗi wata magana da ba mu ji yarenta ba, amma mun gane ba gaisuwa ba ce. Ya riga ya danna. Duk hotunan da muka ɗauka ranar babu wanda ya kai shi kyau, kuma shi ne ya hana mu sukuni a hanyar dawowa. Tambayar da ya bar mana ita ce: me ya halatta mana mu mai da rayuwar wani wurin hutunmu?

Abin da muka kira kwanciyar hankali, a wurinta aiki ne. Ruwan tafkin yana da gishiri-gishiri saboda haɗuwarsa da teku, don haka ruwan sha sai an tuƙa zuwa famfo an bi layi. Rassan itatuwan da muka gani an kakkafa cikin ruwa, muka ɗauka ado ne, gonar kifi ce da suke kira akaja: kifi na taruwa a cikinsu ya ci ya hayayyafa, kuma sai an sayo rassan daga tudu, an yi dakonsu, an kafa su ɗaya bayan ɗaya. Nisa ne ya mayar mana da wahala abin sha'awa. Wanda ke zaune a inuwa shi ke ganin kyan rana.

Tarihin garin ya ƙara wa tambayar nauyi. Mutanen Tofinu ne suka kafa shi, ƙarnuka da suka wuce, lokacin da mayaƙan masarautar Dahome ke farautar mutane suna sayar wa Turawa masu fataucin bayi a bakin teku. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, al'adar maharan ta hana su bin mutum cikin ruwa, shi ya sa kakanninsu suka shige tafki suka kafa turaku. Ke nan wurin da muka je neman hutu, mafakar waɗanda suka gudu don kada a mai da su haja ce. Yau ga jikokinsu, baƙi na zuwa kullum suna ɗaukar siffarsu su tafi da ita. Ba mu ce ɗaukar hoto daidai yake da cinikin bayi ba, Allah ya kiyaye. Amma wanda ya san wannan tarihi zai fahimci hannun da ya ja malafa.

To, a daina zuwa ke nan? Ɗayanmu ya kawo hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Ya ce matuƙin da ya ɗauko mu da kuɗinmu zai yi cefane. Mai abincin da muka ci soyayyen kifinta, da mai sayar da sassaƙa, da ɗan jagora, duk baƙo suke jira. In kowa ya zauna gida don tsoron laifi, su za su fara ji a jikinsu. Ya ƙara da cewa ganin yadda wasu ke rayuwa yana rage jahilci da raini, kuma tausayin da ke hana ka zuwa wurin mutum wani lokacin girman kai ne ya sake riga.

Mun yarda da shi, sai dai hujjar tasa ta tsaya a rabin hanya. Kuɗin da muka biya na kwalekwale ne da man inji da lokacin matuƙi. Matar nan ba ta cikin cinikin. Ba a tambaye ta ba, ba ta karɓi ko sisi ba, kuma ko da an miƙa mata, tana da ikon cewa ba ta sayarwa. A nan ne sana'armu ta ba mu kunya. Mu ne muke rubuta manhajar da ke tambayar mai waya ko ya yarda a buɗe kyamara, ko ya yarda a san inda yake. Mun gina ƙofar neman izini ga wanda ke riƙe da wayar, wanda ke gabanta kuwa babu maɓallin da zai danna. Malafarta ce kawai maɓallinta, ta kuma danna, muka yi kamar ba mu gani ba.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun sha ganin masu yawon buɗe ido a marinar Ƙofar Mata a Kano, ko a hawan sallah, suna saita kyamara kan almajiri mai yagaggiyar riga su bar dawakai. Mun san yadda ranmu ke sosuwa in muka ci karo da hoton a intanet an rubuta wani abu a ƙarƙashinsa. Kuma tun muna yara aka koya mana cewa ba a faɗa wa gidan mutane sai da sallama, in an yi sau uku ba a amsa ba a juya. Hausawa suka ce baƙon da bai yi sallama ba mugu ne. Abin da ya ruɗe mu a Ganbiye shi ne babu zaure, babu katanga, ruwa ne ko'ina, sai muka ɗauka duk fili ne. Alhali mashigin da kwalekwalenmu ya bi, ƙofar gidan wani ce.

Saboda haka laifin ba a hutun yake ba. Mutum na iya hutawa a garin wasu kamar yadda yake hutawa a gidan aboki, muddin ya san shi baƙo ne. Baƙo yana gaisuwa kafin ya kalli ɗaki. Yana tambaya, in an ce a'a ya haƙura ba tare da ɓata rai ba. Yana sayen abu a hannun masu gari ba tare da ya matse su a ciniki don ya ga suna da buƙata ba. Yana kuma ƙoƙarin sanin yadda aka yi gidan ya zama gida. Wanda ya tsallake waɗannan ya zama ɗan kallo, ya mai da masu gida abin kallo.

Da muka iso masauki, mai hoton ya daɗe yana dubansa, sannan ya goge. Sai ɗayanmu ya tuna masa abin da dukkanmu muka sani: tun muna kan ruwa wayar ta riga ta tura kwafinsa ma'ajiyar intanet. Ya shiga can ma ya goge, ya buɗe kwandon shara ya sake gogewa. Matar ba za ta taɓa sanin an yi haka ba, kuma gobe wani kwalekwalen zai zo da wasu wayoyin. Mu dai abin da ya rage mana shi ne sallamar da muka riƙe mata, in Allah ya sa mun koma.