Ko Mai Jin Yunwa Na Iya Cewa "Ina Son Ka"?

A cikin littattafan da ake rubuta wa matasa a ƙasashen Turai da Amurka akwai wani reshe da ya daɗe yana tashe: labaran da ke hasko wata duniya ta gaba wadda ta lalace, an raba jama'a aji-aji, an gitta katanga a tsakaninsu, sannan marubuci ya jefa saurayi da budurwa cikin wannan ƙunci ya ce mu zuba ido. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a 2008, aka mayar da shi fim a 2012. Da yawanmu fim ɗin muka fara gani a waya kafin mu san akwai littafi. Tambayar da ya bar mana ta fi ƙarfin wa ya auri wa. Shin mutumin da abincinsa ke hannun wani yana da 'yancin da zai ce yana so, a kuma yarda da shi?

Ƙasar labarin sunanta Panem, a kangon Arewacin Amurka. Birnin masu mulki yana cikin daula, gundumomi 12 kuma suna yi masa bauta. Kowace shekara ana jefa ƙuri'a a ɗauki yaro da yarinya daga kowace gunduma, 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili guda su kashe juna, ana haska wa kowa a talabijin. A ido, ƙuri'ar ba ta san ɗan mai kuɗi ba, ba ta san ɗan talaka ba. Amma akwai wata 'yar ƙofa. Yaron da gidansu ba abinci yana iya karɓar ɗan hatsi da mai na shekara, a madadin a ƙara jefa sunansa sau ɗaya, kuma ƙarin yana taruwa shekara bayan shekara. Ɗan gidan da tukunya ba ta kwana a kife, ko ya kai 18 sunansa sau 7 ne kawai a ciki. Katniss, jarumar labarin, tana da 16 sunanta ya shiga sau 20. Abokinta Gale, mai ciyar da ƙannensa, nasa sau 42. Ba wanda ya sa musu wuƙa a wuya. Da ƙafarsu suka je suka rubuta suna, kuma wannan ne ya sa tsarin ya fi muni, domin azzalumi zai iya wanke hannunsa ya ce ai su suka zaɓa.

A nan soyayyar ta shigo. Peeta ɗan mai gidan burodi ne, a gundumarsu ana lissafa su cikin masu ɗan hali. Lokacin da Katniss ke da shekara 11, mahaifinta ya mutu a ramin haƙar kwal, yunwa ta kusa gamawa da su, sai yaron nan ya ƙona burodi biyu, ya sha duka a hannun mahaifiyarsa, ya jefa mata. Abin da ya zauna a zuciyarta tun daga ranar nauyin bashi ne. Duk wanda ya taɓa cin abincin gidan da ya fi nasu ya san wannan nauyi, yadda godiya ke cakuɗewa da jin kunya har mutum ya riƙa kauce wa wanda ya taimake shi a hanya.

Kafin a kai su fagen kisa, Peeta ya faɗa a gaban duniya cewa yana son ta, kuma da gaske yake. Ita kuwa ta lura da wani abu: duk lokacin da ta nuna masa ƙauna a gaban kyamara, attajiran da ke kallo sukan buɗe aljihu, a aiko musu da abin da zai raya su. Ta sumbace shi, aka sauko musu da tukunyar romo. Sai ta ci gaba.

Za mu kira wannan yaudara? Akwai masu cewa e, kuma ba mu raina hujjarsu. Peeta mutum ne, ba tsani ba ne. Ya ba da zuciyarsa gaba ɗaya, sai a jirgin ƙasa na komawa gida ya gane cewa wani sashe na abin da ya gani shiri ne. Ciwon da ya ji na gaske ne, kuma yunwar Katniss ba ta goge shi. Amma mu mun karkata ga cewa laifin bai sauka a kanta ba. Ƙaryar da ta yi ita ce ta fitar da shi kansa daga filin da ransa. Wanda ya kafa kasuwar da ake musayar sumba da romo shi ya kamata a fara tuhuma, kafin a zo kan yarinyar da ta shiga kasuwar ba tare da wani abin sayarwa ba sai fuskarta.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ita kanta ba ta san gaskiyar ba. Ta rasa inda shiri ya ƙare, inda zuciya ta fara. Tana jin wani abu game da yaron, amma ba ta da hanyar auna shi, domin bai taɓa zuwa mata shi kaɗai ba, kullum yana tafe da tsoro da bashi da idon masu kallo. Ƙoshi ke ba mutum sararin da zai zauna ya tambayi zuciyarsa. A littafi na biyu, na 2009, shugaban ƙasar da kansa ya tako har gidansu ya umarce ta da ta gamsar da shi cewa soyayyar gaskiya ce, in ba haka ba danginta su biya. Daga ranar, ko da tana son Peeta har cikin ɓargo, son ya zama aikin gwamnati.

Mu da muka tashi da littattafan soyayya na Kano ba baƙi ba ne ga katanga tsakanin masoya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a kan haka ya ginu, 'yar masu hali da saurayi talaka. Sai dai a irin waɗannan labarai masoyan sun tabbata da abin da ke ransu, dangi da dukiya ne suka tare hanya. Collins ta shigar da katangar har cikin ƙirjin yarinyar.

Akwai kuma wani abin kunya da ya shafe mu masu karatu. Marubuciyar ta ce tunanin labarin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshi, tana tsallakawa daga shirin gasar nishaɗi zuwa hotunan yaƙin Iraƙi, har biyun suka fara haɗewa a idonta. Duk da haka, da littafin ya yi suna, masoyansa suka rabu gida biyu a intanet, 'yan Peeta da 'yan Gale, ana ta musu kan wanda ya dace da ita. Wato dai mun zauna a kujerar mutanen birnin, yara na mutuwa muna jiran sumba ta gaba. Wasu sun ɗauki wani abu dabam daga ciki: gaisuwar ɗaga yatsu uku ta labarin ta bayyana a hannun masu zanga-zanga a Tailan bayan juyin mulkin 2014, ta sake bayyana a Myanmar a 2021.

A littafi na uku, na 2010, an kama Peeta an jirkita masa tunani da dafi, har ya shaƙe wuyan wadda ya so tun yana yaro. Da ya fara dawowa hayyacinsa, sai ya riƙa ɗauko abubuwan da yake tunawa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar na kusa da shi ko sun faru da gaske. Mulkin ya faɗi, an daina jefa ƙuri'a, ba kyamara ba mai aiko da romo, sannan ya yi mata tambayar game da son da take yi masa, ta amsa masa da e. Ko bayan haka, sai da ta ɗauki kusan shekara 15 kafin ta yarda ta haihu.